Jirage Biyu a Kan Teburin Kicin

Daren Laraba a Galveston, ruwa na dukan taga,
na baza takardun talla biyu a kan teburin kicin,
ina taɓa wannan, ina taɓa waccan
kamar mai zaɓen kifi a kasuwa.

Kamfanin farko jirginsa fari ne sol:
kwana bakwai, tsibiri uku,
abinci a buɗe har tsakar dare.
Na biyun shuɗi ne, bene kan bene har goma sha takwas,
da wurin zamiyar yara, a murɗe kamar hanjin kaza,
da filin ƙanƙara a tsakiyar teku, wai!

Loc, maigidana, ya zaro fensir daga bayan kunne.
Shi ba teku yake gani ba, lissafi ne a gabansa.
Farin ya fi sauƙi da dala ɗari huɗu,
amma lemo da kuɗi, intanet da kuɗi,
ga tukuicin ma'aikata kullum a kan kowane kai.
Ya ce, araha ba ta ado.
Ya goge, ya sake tarawa, ya yi tsaki.

Diem, 'yar shekara tara, ta riga ta zaɓa,
yatsarta na kan hanjin kazar nan ba ta ɗagawa.
Tuong kuwa, mai sha biyar,
ko a tukunya za a tafi bai damu ba,
in dai wayarsa za ta kama.

Ni ɗakuna nake dubawa.
Na ciki ba shi da taga, akwati ne mai fitila.
Mai baranda kuwa kuɗinsa kaɗai
ya isa ya gyara mana rufin gareji.

Duk wannan, mahaifiyata Nhan tana bakin famfo
tana ɓare jatan lande, bayanta gare mu.
Shekara arba'in da huɗu a garin masunta,
ko kwalekwale ba ta sake takawa ba.

Ba ta juyo ba ta ce: Mutum nawa yake ɗauka?
Na ce, dubu biyar.
Ruwan sha fa?
Tuong ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Mu arba'in da ɗaya ne, in ji ta,
a jirgin kamun kifi da bai fi ɗakin nan biyu ba.
Murfin kwalba ɗaya da safe, ɗaya da magariba.
A dare na tara wani ƙaton jirgi ya gifta,
fitilu tun daga sama har ƙasa,
har kiɗansu muna ji.
Muka ƙona rigar kawunki don su gan mu.
Kina goye a bayana, ko kuka kin daina.

Ta ɗauraye hannu, ta goge a gefen riga,
ta zo ta tsaya a kan takardun.
Cikin biyun nan, wanne ne ke tsayawa
in ya hangi ƙaramin jirgi?

Na juya shafi, na juya shafi.
Akwai jerin miya, akwai lokacin rawa,
akwai farashin tausa da na hoto.
Wannan dai babu wanda ya buga.

Ruwa ya tsagaita. Firji na ta gurnani.
Diem ta janye yatsarta a hankali.

Ku bar yarinya ta samu abin zamiyarta, in ji Mama.
Ni dai a ba ni mai baranda,
kuma kada a kai ni sama can,
hawa na ƙasa nake so, kusa da ruwa,
inda ido zai iya rarrabe mutum da kumfa.

Loc ya dubi lissafinsa,
ya dubi silin, wajen gareji,
ya mayar da fensir bayan kunne.
Sai Tuong ya ajiye waya a kife
ya ce, Kaka, a dare na goma fa?