Ƙananan Rubutu

Ni mai walda ne a Panteka.
Idona ya saba da wutar da ke sa wasu kau da kai,
amma rubutun ƙasan takardar nan
ya fi ƙarfinsa.

Ranar da wakilin inshora ya zo rumfarmu,
takalminsa na sheƙi a cikin gurar ƙarfe,
ya ce, "Malam Barau, ciwo ba ya sallama.
Zuba kaɗan duk wata, kamar adashi,
ran da jiki ya ƙi, mu za mu tsaya."
Manyan layuka ya karanta mini da murya.
Ƙananan ya ce na lauyoyi ne.
Na dangwala yatsa.

Wata goma sha huɗu ina zubi.
Har watan da wuta ta tafi mako biyu,
ban haɗa ko taga ɗaya ba,
rediyona na sayar, na zuba.

Sai ƙafar Ladidi ta kumbura.
Sukari, in ji likita.
Na tura kati ta ƙasan gilashi
da gadarar mai ajiya a gidan aminci.
Yarinyar ta danna, ta danna, ba ta ɗago ba.
"Baba, wannan maganin ba ya ciki."
Cikin me, 'yata?
"Ba ya ciki dai. Na gaba."

Da kuɗin rodin mutane na biya.
Daga asibiti har Tudun Wada
ni da Ladidi ba wanda ya tanka,
sai ledar magani ke ƙara a cinyarta.

Kande ce, autarmu,
ta zaro takardar daga ƙarƙashin katifa,
ta kunna fitilar waya,
tana bin layi da farce
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
A shafi na shida farcen ya tsaya.
"Baba, ga sunan maganin. Yana ciki.
Ga wani kuma: in sun hana ka,
sai sun ba ka dalili a rubuce,
kuma akwai inda za ka kai kuka."

A rubuce!
Ni da aka sallama da "na gaba".

Ofishin hukumar jiha yana hawa na biyu,
bencinsa ya sha zaman masu jira har ya yi santsi.
Na tarar da wata malama Rifkatu daga Kafanchan
da takardun tiyatar mijinta a jakar leda,
da wani direba da ya manta ko zuwansa na nawa ne.
Muka raba gyaɗa, muka raba labari.

Jami'ar ta ce, "Ina rasit?"
Na buɗe gwangwanin madara.
Goma sha huɗu cif,
na watan Mayu tartsatsi ya ci masa kunne.
Ta ɗaga shi ga haske, ta yi ɗan murmushi,
ta ce, "Lambar ta tsira."

Sau uku na koma.
Sau uku na rufe rumfa, ciniki ya wuce maƙwabta.
A mako na tara waya ta yi ƙara a aljihu:
kuɗin sun dawo.
Ban da na mota.
Ban da haƙuri, wannan ba wanda ya aiko.
Rifkatu kuwa har yau ban ji yadda ta ƙare ba.

Ladidi na taka ƙafarta zuwa kasuwar Barci.
Ina zubi har yanzu,
don wanda ruwa ya taɓa duka ba ya jefar da lema
saboda ta yi yoyo sau ɗaya.

Jiya wakilin ya dawo, wajen Mati mai fenti.
Na kashe injin, na ɗage tabarau,
na ce, "Fara masa daga ƙasa."
Shekara talatin ina haɗa ƙofofi,
ban taɓa ganin wadda ta karye a faffaɗan jikinta ba.
A ɗan ɗigon mahaɗi take saki,
can inda ba a dubawa.