Murhun Alhaji Gariba

An kira ni Legon ranar Talata.
Daga Mamobi na hau toroto biyu,
jakar aiki a cinya, gumi har ƙafa.
Mai gadi ya ce, "Murhu ne ya ƙi."
Na zaci na girki ne.

Ashe a falo yake, cikin bango,
an yi masa baki da farin dutse,
da itacen ƙarya da ba ya cinyewa.
Murhun jin ɗumi a Accra,
garin da ƙadangare ke roƙon inuwa!
Na haɗiye dariya, ta tsaya min a wuya.

Alhaji Gariba na kan kujera.
Shekara talatin da ɗaya a Jamus,
ya dawo da ciwon gwiwa da ƙarancin magana.
Ya nuna makunnin da sandarsa:
"Danna ka ji. Ƙas yake yi,
amma ƙas ɗin ba ta haihuwa."

Na danna. Ƙas. Shiru.

Masta Kwabena ya sha gaya mana,
kar ka zargi bango ba ka tambayi tukunya ba.
Tukunyar gas na baya, da nauyinta.
Bawul a buɗe. Na sunsuna, ba wari.
Na durƙusa na leƙa ƙasan itacen,
ga 'yar wutar tsaro, shuɗiya,
ba ta fi ƙwayar shinkafa ba,
tana lasar ɗan ƙarfenta ba gajiya.

Makunnin nan ba ruwansa da kamfani,
a ɗauke, a kawo, duk ɗaya.
Daga 'yar wutar nan yake cin abinci,
lantarkin da ba zai firgita kiyashi ba.
Abu mai ƙanƙanta haka,
ɗan datti ya ishe shi katanga.

Na kwance kusa biyu, na zaro shi.
Ƙwan tsaka ya faɗo, fanko, ya fashe.
Waya biyu sirara, ja da fara,
bakinsu ya yi kore shar.
Iskar teku ce ta biyo su har nan,
ta wuce mai gadi, ta wuce kare.
Na fere su, jan ƙarfe ya fito,
na ce, "Alhaji, janye ƙafa,"
na haɗa baki da baki.

Bub!
Wuta ta miƙe kamar dama jira take.

Na ce, "Makunnin ne ya mutu.
Ina da sabo a jaka, sidi talatin."
Bai ji ni ba.
Wutar na rawa a gilashin idonsa.

Ina ɗaure waya ya fara, ba ni yake kallo ba:
"Ɗakinmu a can yana da irinsa.
Ladidi kan miƙa masa tafin ƙafa
tana ɓarar agushi a faranti.
Ta ce, ran da muka yi gini a gida
sai an sa min. Na ce, a Accra?
Ta ce, kai dai sa, ba don sanyi ba ne."

Ya goge gilashin da bakin riga.
"Can muka baro ta, ƙarƙashin ƙanƙara.
Ni dai na sa."

Na mayar da kusa, na share ƙwan tsakar.
Na ce ya gwada da hannunsa.
Ƙas. Ta kama.
Ƙas. Ta kwanta.
Sau huɗu ya yi, kamar yaro.
A na biyar ya bar ta,
ya sa aka ƙure na'urar sanyi,
ya tuɓe takalmi.

Bayan magariba na iso Mamobi,
ba wuta, unguwa ta yi duhu, zafi kamar tanda.
Sharifatu na fifita gawayi a tsakar gida,
miyar kuɓewa na tafasa.
Na ja kujera har gindin murhun, na zauna.
Ta dube ni, ta dubi gumin goshina:
"Lafiya? Ko zazzaɓi ne?"
Na ce, "Ci gaba da fifitawa."