Bulon Malama Luba

A makarantarmu ta Kware, ɗakin kimiyya suna ne kawai:
tebur uku, taga ba ƙyaure, ƙadangare a kan allo.
Malama Luba ta aro sikelin rataye
wurin Ɗandare mahauci, ƙugiyar tana ƙarnin kitse,
ta tsinto jan bulo biyu a bayan ofis.

Ta ɗaure ɗaya da igiyar rama,
ta kwantar da shi rub da ciki, ta ce, "Ige, ja.
Sannu dai, kar ki fizga."
Bulo ya tirje, ya yi 'yar gardamarsa,
sannan ya biyo ta yana gurnani kamar dutsen niƙa.
Allura ta tsaya kan biyu.

"In na tsai da shi a gefensa fa,
ƙaramar fuska ce kaɗai ke taɓa tebur?"
Na riga kowa: "Zai fi sauƙi, Malama!"
A ƙarƙashin benci muka ƙulla da Macciɗo,
in na faɗi, ƙosaina nasa ne.

Aka ja.
Biyu.

Na ce ai sikelin mahauci ne, ya saba cutar mutane.
Aji ya kece da dariya. Ita ba ta yi ba,
ta miƙo mini igiya: "To, ja da hannunka."
Sau uku na ja. Biyu, biyu,
sai biyu da ɗigo, don hannuna na rawa.

Ta ɗora ɗan'uwansa bisa gadon bayansa.
Igiya ta miƙe tsaf, allura ta sauka kan huɗu.
"Kun gani? Gogayya ba ruwanta da faɗi.
In fuska ta tsuke, danni ya taru wuri ɗaya,
lissafi ya koma gidan jiya.
Nauyi ne mai magana."

Da yamma na tarar da Baba a rumfar albasa
yana jan buhu a daɓe, gumi har gwiwar hannu.
Na ce, "Ko ka kwantar, ko ka tsayar, duk ɗaya ne,
sai dai a rage kaya."
Ya dube ni ta ƙasan hula.
"Yau kas sani? Kama wancan kunne."

Na kama.
Cikina na kukan ƙosan da Macciɗo ya cinye a gabana,
bai bar mini ko yaji a takarda ba.