Adireshi Dubu Uku da Ɗari Biyu

Ranar Talata nake aika imel,
bayan la'asar, in kuran bai ɗauke ba.
Adireshi dubu uku da ɗari biyu da sha ɗaya,
na tsince su ɗaya-ɗaya kamar mai kalar gyaɗa,
wasu a baje kolin Yamai,
wasu na saya hannun wani yaro a Sabon Gari,
jikka biyar, ko sunansa ban riƙe ba.

Shekara huɗu baya, in na danna,
kafin shayin Ɗan Ladi ya huce
talatin cikin ɗari sun buɗe.
Jakar jar fata, aikin kawuna Haladu,
takalmi mai koren ɗinki,
har daga Bamako an tambaye ni kuɗinsu.

Yanzu allon huɗu yake nuna mini.
Huɗu cikin ɗari.
Cikinsu ma har da ni,
ina leƙawa ko saƙon ya tafi.

Sai na ƙara wa magana gishiri:
RAGI! GARAƁASA! SAURA KWANA BIYU!
Na koma aikawa sau uku a mako.
Injin can da ba ya barci
ya kwashe ni ya zuba a kwandon shara
tare da masu maganin rage tumbi
da masu gadon miliyoyin da suka rasa magaji.

Kawu bai yi lakkwal ba, amma yana ƙirga fata.
Ya dubi jakunkunan da ke rataye a zaure, can Birni,
ya ce, "Mutari, akwatin naka ƙoshi ya yi?"
Ban tanka ba.

Goggo Barira na auna barkono a Kasuwar Dole.
Wata ta zo wucewa, Goggo ta ɗaga kai:
"Ya ƙafar maigidan? Ya ajiye sandar?"
Matar ta tsaya. Ta sayi tiya biyu,
alhali zare ta fito nema.
Na ba Goggo labarin dubu ukuna.
Ta ce, "Duk ka san su?"
Na ce a'a.
"Su suka ce ka zo?"
Na ce wasu.
"To ɗan nan, sallama ɗaya kake yi a ƙofa dubu uku
kana jira a kawo maka ruwa?
A garin nan da jarka ke kwana kan layi?"

Daren nan na zauna sharar suna.
Kamar cire ƙaya da allura ne.
Wanda bai buɗe ba damina biyu, waje.
Na yaron Sabon Gari, kaf, waje.
Sauran na tambaye su ko in ci gaba,
wanda ya yi shiru na bar shi da shirunsa.
Mako na zagayowa saura ɗari da tamanin da bakwai.
Na ji kamar an yi mini sata,
kuma ni ne ɓarawon.

Na rubuta wa arba'in, kowa da sunansa.
Ba hoto goma, ba manyan baƙaƙe.
Layi uku.
"Jakar da kika saya bara, ya take?"

Laraba shiru.
Ran Alhamis, wata Malama Rahamu daga Tawa:
"Zif ɗin ya mutu tun watan azumi.
Maratayin ya yi gajere ga mai goyo.
Ban zaci akwai mutum bayan saƙonnin nan ba."

Na hau kabu-kabu zuwa Birni, waya a hannu,
na karanta wa Kawu sau biyu.
Ya yi tsaki kan zif ɗin, wai kayan kanti ne, ba aikinsa ba.
Can kuma ya jawo fata, ya shimfiɗa bisa gwiwa,
ya auna kamu biyu, ya ƙara ɗani guda.

"Tambaye ta," in ji shi,
"a kafaɗa take ratayawa, ko tana saƙalo ta gaba?
Kuma yaron wata nawa?"

Ina nan ina rubutawa.
Kuran ya ɗauke,
batir saura sha biyu.