Tukunyar da Ba Ta Riƙe Ruwa

Daga bakin dajin Falgore na zo da shi,
ranar da iska ta kayar da tsohuwar kanya.
Yana manne a reshe, saiwarsa fara fat a waje
kamar gemun da ba a taje ba.
Murucin bisa, in ji mafarauta.
Kakata kuwa manta-uwa take ce masa,
wai da shi ake yaye.

Bokitin fenti na fara ba shi.
Na cika da ƙasar garke, baƙa wuluk,
safe ruwa, yamma ruwa,
irin gatan da ake yi wa suruki.
Kwana ashirin, ganye ya yi rawaya.
Na tono.
Saiwar ta yi luguf, tana wari
kamar rogon da aka manta a jiƙe.
Na bi da reza ina yanke ruɓaɓɓu,
huɗu suka tsira.

Na gwada gindin randa, ya ɓace a ciki
kamar yaro a rigar ubansa.
Gwangwanin madara kuwa, kafin azahar
ya yi zafin da ba ya taɓuwa.

Ran Talata na tafi wajen Gwamma maginiya.
Na same ta gurfane, yumɓu har gwiwar hannu,
tulunan jiya a jere suna shan iska.
Na ce, Inna, tukunya nake so,
ƙarama, mai faɗin baki, ba zurfi,
kuma a huda ta. Gindi da gefe, ko'ina.

Ta ɗago ta dube ni.
Ta ce, shekara arba'in ina gini,
ban taɓa kwana da tsoron komai ba sai yoyo.
Mai sayen tulu ƙwanƙwasawa yake, ya kasa kunne,
in ya ji tsaga ya ajiye mini kayana.
Yau kai ka zo da kuɗinka
a yi maka abin da ake dawo mini da shi?
In dambu za ka yi, ga madambaci can.

Na ce, kusan shi ne, Inna,
sai dai wannan ba tururi zai wuce ba.
Abin da zan zaunar ɗan sama ne,
bai san ƙasa ba, bai gaji laka ba.
Ruwan da ya sani shi ne mai sauka ya wuce,
ya jiƙa shi, ya bar shi da iska.

Ta yi tsaki. Ta ɗauki karan dawa.
Tun yumɓun na ɗanye ta soka,
ɗaya, biyu,
tana sokawa tana kau da kai,
har sha ɗaya.
Ta ce kar in faɗa wa kowa aikinta ne.

Na shimfiɗa tsingaro a ƙasa,
gawayi, ɓawon ɗorawa gutsi-gutsi,
ko damƙin ƙasa ban sa ba.
Na ɗaure shi da zaren buhu don kar ya faɗi,
na rataye a ƙarƙashin tsamiya
inda rana ke shigowa a tace.
Na koyi riƙe hannuna.
Wannan ya fi wuya.
Sai in ɗauki buta, in tuna, in ajiye,
kamar yadda nake ɗaukar waya
in nemo lambar Ɗanjummai a Fatakwal,
in mayar da ita aljihu.

Damina biyu.
Saiwa ta leƙo ta hudar gefe, ta rungumi tukunyar,
wasu suka miƙe sama tsaye kamar tsintsiya.
Bayan an gama sussukar gero, sai ga kara,
sai ga fure,
rawaya da ɗigon ja mai duhu, rigar damisa.

Na aika a kira Gwamma.
Ta zo da sandarta, ta tsaya, ta daɗe.
Ta zagaya. Ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa.
Furen ko kallo.
Ta ce, hudar nan ta uku ta karkace,
kawo wani in sake maka.