Jikar Masaƙa

Hannu na huɗu na same ta,
fenti ya saɓule kamar fatar ƙadangare,
ƙofar hagu ba ta rufuwa sai da igiya.
Alhaji Manu na Kwadon ya dafa ƙirji
wai injinta bai taɓa ganin sifana ba.
Na ƙirga masa kuɗi, na san yana ƙarya.

Tiyota ce, a-kori-kura,
ta girmi ɗan farina da shekara sha ɗaya.
Tumatirin Dadin Kowa, masarar Kumo,
simintin Ashaka buhu ashirin,
injin markaɗe, bijimi mai ciwon ƙafa,
duk sun kwana a bayanta.
In ta yi tari da asuba, in shafa sitiyari
in ce, haƙuri, mu kama hanya.

Baffa bai taɓa shigarta ba.
Gidado masaƙin Deba,
shekara hamsin yana janyo kunkuru zuwa gabansa
taku ɗaya bayan ɗaya.
Ran da na aje ƙoshiya na bi 'yan tasha
ya ce, "Hammayo, ka sai da inuwa ka sayi rana."
Daga nan sai gaisuwa,
ita ma a tsaitsaye.

A hawan Tula ta kunyata ni.
Lagireto ya tafasa, gaskit ya ƙone,
kwando arba'in na tumatir
suka yi ruwa ina kallo, ƙuda na biki.
Na zage ta, na zagi wanda ya ƙera ta,
na zagi jirgin da ya kawo ta ƙasar nan,
sannan na ɗaura mata igiya.

Garejin Lamela a Billiri.
Ƙafafunsa kaɗai nake gani, sauran na ƙarƙashi,
muryarsa na fitowa ta cikin baƙin mai:
"Kar ka zage su, ɗan masaƙi, danginka ne.
Kafin su san taya, masaƙa suke ƙerawa.
Ɗan kafinta ne a can Japan
ya ga uwarsa na shan wuyar saƙa,
ya yi mata dabara da katako.
Ya yi wadda in zare guda ya tsinke
sai ta tsaya cak, ba ta saƙa aibi.
Ɗansa ne ya juya ga mota.
Miƙo min sha-huɗu."
Na miƙa masa sha-biyu, hankalina ya tafi Deba.

Na iske Baffa a zaure, ido ya yi hazo.
Na kwashe labari na faɗa masa.
Ya yi shiru har na ji kunya.
Can ya ce, "In zare ya tsinke ta tsaya?
Wannan mutum ya san Allah."
Ya laluba sandarsa. "Ina take?"

Na kwance igiyar ƙofa, ya zauna.
Ya sunkuya yana taɓa ƙasan ƙafata.
"Matakai uku? Nawa biyu ne."
Na tayar, ya kasa kunne ga injin
kamar mai sauraron allera.
"Akwai inda take tsallake zare."
Filogi ɗaya ne ya mutu,
Lamela ma bai ji shi ba.

Mun je Dadin Kowa mun dawo,
bai ce ya yafe ba, ban tambaya ba.
Da zai sauka ya ja igiyar ya yi tsaki:
"Wannan aikin ƙauye ne, abin kunya."

Bayan sati ya aiko min ɗamara,
saƙi baƙi da fari, kamu uku,
ta ƙarshe da ta sauka daga masaƙarsa.
Da ita nake ɗaure ƙofar har yau.
Fasinja kan ce, direba, sai ƙofa mana.
In ce to, sai an sauke kaya.