Mai Awon Ruwa

Shekara talatin da ɗaya ina awon ruwan Damagaram,
ni da kwalba mai zane-zane, a bayan filin jirgi.
Na rubuta sifiri har alƙalamina ya haddace hanya.

Yanzu Cima, autata, tana wani tsibiri a tekun Fasifik,
tana kafa wa mutane faifan hasken rana bisa rufi.
Na nemi wurin a taswira,
ƙuda ya sauka, ya rufe shi duka.

Muryarta kan iso da asuba, can la'asar ta yi sakaliya:
"Baba, nan shekara ƙafa biyu gare ta.
Wata shida sama na zuba,
wata shida iskar gabas na zarya kamar mai bin bashi.
Bargon da ka ba ni bai bar jaka ba."

Ran da ake ɗaure damin gero a Mirriya,
ran nan hadarinsu ke ɗaura ɗamara.
Na ce ashe damina ba mutuwa take yi ba,
cin rani take tafiya.

Guguwarsu ba irin tamu ba ce
mai wasa da leda a Kasuwar Dole.
Tasu har suna ake raɗa mata, ba rago, ba goro,
ta tuge kwakwa, ta ɗora kwale-kwale kan ɗakin ibada.
Duk da haka na yi hassada, ban ɓoye ba,
ni da ke bin ɗan garuwa daga Birni har Zango
ina roƙo da kuɗina a hannu.

Sai bana ta kira, murya a dishe:
"Wata huɗu ba ɗigo.
Tankin rufi, in ka buga, ganga.
Rijiya ta yi gishiri, teku ta shigo mata ta ƙasa.
An ce ɗumin teku ne ya gusa, gajimare suka bi shi."

Ruwa gabas, ruwa yamma, ruwa har ƙarshen gani,
yaro kuma na kukan ƙishirwa.

Na daɗe ban tanka ba.
Can na ce, koya musu hannun uwarki:
moɗa guda ta isa alwala,
ruwan ɗauraya na bishiya ne, ba na ƙasa ba.

Na fita. Bisa duwatsun Birni
wani gajimare, bai fi tafin hannu ba.
Ban san ko namu ne, ko nasu ne ya ɓata hanya.
Na dai goge kwalbata da gefen riga,
na kafa ta tsakar gida.